Ki Ce Mata Da Sauƙi

"Ki ce mata da sauƙi."

"Ba sauƙi take tambaya ba, Injiniya. Lamba take so."

"Lambar me kuma? Ta waya?"

"Ta ciwo mana. Kullum sai na maimaita maka? Ga katin nan a hannunta, daga sifiri zuwa goma, ka zaɓi ɗaya."

Ya ɗago kai daga matashi ya dubi katin da likitar ta miƙo masa. Fuskoki ne aka zana a jere, ta farko ta washe baki, ta ƙarshe tana zubar da hawaye kamar yaron da aka ƙwace wa alawa. Ya taɓe baki.

"Ni dai ban taɓa ganin inda ake ƙirga ciwo kamar buhun siminti ba sai ƙasar nan. Ba ta biyu."

"Biyu?"

"To uku ne zai burge ki? Ki ce biyu, ki ce kuma mun gode da ɗawainiya, Allah ya saka da alheri."

Malama ta juya wajen likitar, ta gyara zaman mayafinta, ta faɗa mata da Turancin nan da take taƙama da shi a gaban 'yan aji shida cewa mijinta ya ce jiki ya yi sauƙi, ciwon kuma a kan biyu yake. Godiyar ce kawai ta rage wa tsawo, don ta lura mutanen nan in godiya ta wuce kalma biyu sai su fara duba agogo. Likitar doguwar mace ce mai gajeren gashi da furfura, ita ma Turancin aro take yi, don ba shi ne harshen ƙasar ba. Ta rubuta a takardarta, ta ce ya rufe ido, ta yaye bargo tana taɓa ƙafafunsa da bakin biro nan da can, shi kuma yana cewa, "Eh, na ji. Eh, nan ma." Ta gyaɗa kai ta fita, takalminta ko ƙara ba ya yi.

Ba injiniya ba ne. Magini ne, shekara goma sha tara yana ɗora bulo a kan bulo. Ita ta raɗa masa sunan ranar da ta fara ganinsa a saman katangar makarantar da take koyarwa, da igiyar awo a baki, yana balbale leburori da faɗa a kan bulo ɗaya da ya karkace. Ta leƙo ta taga ta ce, "Injiniya, a rage murya, muna darasi." Ya cire igiyar daga baki ya ce, "Tuba nake, Malama." Katangar da aka yi alkawarin gamawa a mako biyu sai da ta ci wata guda da rabi, kuma duk makarantar babu wanda bai san dalili ba. Yau shekara tara ke nan da aurensu, da 'yan biyunsu mata da suka baro wa mahaifiyarsa, kuma har yanzu babu wanda ya taɓa jin ɗayansu ya kira ɗaya a gaban mutane da wani suna ban da waɗannan.

Wata bakwai da suka wuce katakon da yake tsaye a kai ya karye da shi daga hawa na biyu. Ƙashin baya ya danne jijiya. Aka yi ta yawon asibiti har wani likita ya ce musu gaskiya, wannan aikin sai a waje. Dangi suka yi abin da za su iya, aka sa su a jirgi. Da suka iso, likitar nan ta duba hotunan bayansa ta ce ba ta son gaggawar sa wuƙa. Za ta gwada shi da allurai da magani na kwana goma. In ciwon ya sauka, an huta. In bai sauka ba, ga sunansa nan ta riga ta sa a layin tiyata, ranar sha biyu. Yau kwana na tara.

Garin kuwa har yanzu Malama ba ta gane ta ina ake shigarsa ba. Ranar farko da ta shiga lifta ta tarar da mutum biyar, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya har da ɗan rusunawa. Babu wanda ya amsa, wani dattijo ma matsawa gefe ya yi ya dafe aljihunsa. Ba a kwana da majinyaci a nan. Ƙarfe bakwai na yamma wata ƙararrawa mai sanyin murya take kaɗawa, kowa ya tattara ya bar nasa a hannun baƙi. Da ta roƙi nas ta bar ta, ta ce ko a ƙasa za ta kwanta, ga zanenta ta zo da shi, sai baiwar Allah ta dube ta da tausayi ta rubuta mata adireshin gidan da ake ba marasa galihu wurin kwana. Haka take komawa ɗan ɗakin da suka kama, tasha huɗu a jirgin ƙasa, a tsakiyar mutanen da kowa ya kafa wa tafin hannunsa ido.

Ba a zuwa dubiya da kwano kuma, da fure ake zuwa.

"Mutum yana kwance ba lafiya a kawo masa ganye," in ji Injiniya. "Awaki suka ɗauke mu?"

A ɗakin asibitin su biyu ne, labule ya raba. Na gadon taga wani tsoho ne mai sanƙo, wanda Injiniya ya naɗa wa sarautar Sarkin Raki tun daren farko. Allura in ta doso shi tun daga ƙofa yake fara kururuwa. In an nuna masa katin fuskoki bai taɓa sauka daga tara ba, wata rana ma ya nemi a ƙara masa sha ɗaya. Matarsa, wata 'yar gajeruwar tsohuwa mai jar hula, kullum sai ta zo da sabon fure, ta zubar da na jiya, ta sumbaci sanƙon nan a gaban kowa, ta zauna tana yi masa tsiya da harshensu yana ramawa. Uwar Furanni suke kiranta.

"Dubi ƙato, jika gare shi, yana kuka a gaban matarsa," Injiniya yakan ce ƙasa-ƙasa. "Ni ko ƙafar za a yanke min ba ki jin uffan."

Malama takan yi dariya, amma a ƙasan ranta tsofaffin nan burge ta suke yi. Garin cike yake da irinsu, a bakin titi, a tasha, masu tafiya da ƙyar hannu cikin hannu kamar kowane yana tsoron iska ta ɗauke masa ɗaya. Rannan ta yi ƙarfin hali ta kama hannun mijinta a kan bargo.

"Malama, mutane."

"Mutanen da ko kallonmu ba sa yi?"

Ya ja hannun ya shigar ƙarƙashin bargon, amma bai saki ɗan ƙaramin yatsanta ba. Ta yini tana jin ɗumin wurin.

Wani abu kuma da ya burge ta shi ne maganarsu. In sun ce a'a, a'a ce. In sun ce ƙarfe tara, tara ce. Mai gidan da suka kama, da Malama ta tambaye ta ko za ta ara mata tukunya, cewa ta yi a'a, ta ci gaba da shararta, washegari kuma ta gaishe ta da fara'a kamar ba a yi ba. Malama har ta aika wa ƙanwarta saƙo cewa mutanen nan ba su da kara ko ta sisin kwabo, amma ba ka kwana kana tunanin me suke nufi. Ba ta tsaya ta juya maganar ta ga bayanta ba, cewa wanda yake nufin abin da ya faɗa, haka zai ɗauki naka.

Ranar kwana na goma likitar ta shigo da fara'ar da ba su taɓa gani a fuskarta ba. Har kujera ta ja ta zauna. Ta buɗe fayil ta nuna wa Malama layin lambobi: shida ranar da suka zo, sai huɗu, uku, uku, biyu, biyu, har ƙasa. A gefen kowace lamba an rubuta abin da majinyaci ya faɗa da bakinsa, kalma ɗaya ce tana ta maimaita kanta. Ta ce albishir ta kawo. Magani ya karɓe shi, ba sai an yi tiyata ba. Ta cire sunansa daga layi ta ba wani mutum da ya daɗe yana jira. Gobe ƙarfe goma za a sallame su da magunguna da takardar motsa jiki.

Malama ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Ta fassara masa. Ya kalli silin, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. Ki ce mata Allah ya raya zuri'a."

Bayan fitar likitar ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Ta gyara matashin da ba ya buƙatar gyara, ta ninke tawul sau biyu, ta je ƙarshen baranda ta haɗo masa shayi mai zafi a kofin takarda. Tana dawowa tana faɗa masa irin takalman da ta gani a wani kanti, masu fitila a dunduniya, waɗanda za su saya wa 'yan biyu, sai gefen mayafinta ya kama ƙarfen gado. Kofin ya kuɓuce. Shayin ya kife gaba ɗaya a kan ƙafarsa ta hagu da ke waje da bargo.

"Innalillahi! Sannu! Sannu, Injiniya!"

"Masu fitila kuma?" ya ce, idonsa a kan silin. "Ai sai su hana mu barci."

Ta tsaya da tawul a hannu. Tururi yana tashi daga bayan ƙafar, fatar ta fara yin ja, shi kuwa ko yatsa bai motsa ba. Sai da shirun ya yi yawa ya sauko da ido, ya ga ƙafar, ya ga fuskarta. Ya yi saurin cewa "Wash!" amma ya makara, shi ma ya san ya makara.

Ta durƙusa ta goge ƙafar da ruwan sanyi. Sannan ta sa farce ta mintsini tsakiyar tafin, mintsinin da zai sa jaki ya yi tsalle. Ta ɗago tana kallonsa.

"Tun yaushe?"

"Malama..."

"Tun yaushe, Abban 'yan biyu?"

Bai taɓa jin ta kira shi haka ba sai in magana ta kai maƙura. Ya kawar da kai.

"Yau kwana shida. Daga gwiwa zuwa ƙasa kamar ta aro ce."

"Bayan fa?"

"Bayan yana nan. In kin tafi da yamma nakan cusa bakin matashi a baki, kada in zama abokin sarautar wancan."

"Amma kullum tana taɓa ka da biro kana cewa ka ji!"

"Ba na rufe idon duka. Ina hango hannunta ta ƙasan gira."

Ta zauna a ƙasa, a kan tayil mai sanyi.

"Don me? Don Allah don me? Mun baro yara, mun baro gida, mun keto duniya saboda wannan aikin, ka bari ya wuce mu muna kallo?"

"To me kike so in ce? Mace da girmanta ta yini tana ɗawainiya da ni, ta zo ta ce ya jiki, in dubi tsabar idonta in ce maganinki bai yi ba? Haka aka rene mu? Ko in ce wa Ubangiji ban gode ba, ga shi ina numfashi?" Ya juyo ya dube ta, ba da faɗa ba, kusan da mamaki. "Kuma ke ba baƙuwa ba ce, Malama. Kin san abin da ake nufi da da sauƙi."

Nan maganar ta same ta, a inda babu ƙashi. Ta sani mana. Mahaifinta da safe ya ce da sauƙi, la'asar aka yi jana'izarsa. Ita kanta tana naƙudar 'yan biyu, ana tambayarta tana cewa da sauƙi tana yaga zanen gado. Duk wanda ya sha nonon da ta sha ya san kalmar nan ba labarin jiki take bayarwa ba, ladabi ce, sallama ce, rufin asiri ne. Mai tambaya yakan ji ta ne ya dubi idon mai amsa ya karanta sauran. Amma kwana goma tana ɗaukar kalmar a bakinsa tana miƙa wa likita a Turanci tsirararta, sauƙi ya zama sauƙi, an samu lafiya. Ba don ba ta iya fassara ba. Don tana so ya zama gaskiya ne. Ta ga jijiyar wuyansa tana tashi in zai juya, ta ga gefen matashi a jiƙe da safe, ta zaɓi ta gaskata bakinsa don shi ne ya fi daɗin ji.

Ta miƙe ta fita ba ta ko ɗauki jaka ba.

A kantar nas-nas ta sami wadda take duba ɗakinsu, wata mai tabarau da ke danna kwamfuta. Malama ta fara bayani, Turancin yana watse mata kamar tsaba. Ta ce mijinta bai samu sauƙi ba, ƙafarsa ta mutu, a mayar da sunansa layi. Nas ɗin ta juya allon kwamfutar ta nuna mata lambobin nan.

"Shi ya faɗi waɗannan?"

"Shi ne."

"Ke nan ƙarya ya yi mana?"

"A'a! Ba ƙarya ba ce. A wajenmu in an tambayi mutum jiki, dole ya ce ya yi sauƙi. Ko yana mutuwa. Ba ya nufin ya warke, yana nufin... yana nufin ya gode da tambaya."

Matar ta cire tabarau ta dube ta, ba da raini ba, da ƙoƙarin fahimta na gaske, wanda ya fi raini ciwo.

"To likitocinku yaya suke gane wanda ke jin jiki?"

Amsar ta zo wa Malama, amma da Hausa ta zo, kuma ba ta da ƙarfin ɗaukarta zuwa wani harshe: fuskar matarsa suke kallo.

Nas ɗin ta yi mata bayani a hankali, dalla-dalla, yadda suke yin komai. A nan maganar majinyaci ita ce magana. Baligi ne, da hankalinsa, matarsa ba ta da ikon canza abin da ya faɗa da bakinsa. In shi ya kira su ya ce ƙafarsa ba ta ji, yanzu za a zo a duba. In kuma fassara ce aka yi ba daidai ba, sai a rubuta haka, a cire ta daga aikin fassara, asibiti ya nemo nasa tafintan ta waya a sake tambayarsa komai daga farko. Layin tiyata kuwa ba a hannunta yake ba, likita ce kawai za ta san ko akwai abin yi, ita kuma ta shiga ɗakin tiyata, sai gobe ƙarfe takwas. Ta ƙara danna kwamfutar ta ce in an bi layi yadda yake, gurbi na gaba sai nan da wata huɗu.

Kwana tara suka rage a bizarsu.

Malama ta ce ta gode, don ba ta san me ake cewa ba in ba haka ba. Ta taka zuwa bencin da ke ƙarshen baranda, ta tarar da mutum a kai. Uwar Furanni ce, jar hularta a karkace, furen yau a kan cinya ko takardarsa ba a cire ba. Sai a lokacin Malama ta tuna tun safe ba ta ji muryar Sarkin Raki ba, kuma ɗazu da ta fita haɗo shayi ta ga an ɗora shi a wani gado mai taya an yi wani ɗaki da shi.

Tsohuwar ta matsa mata. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, babu mai harshen wata. Can tsohuwar ta dubi idon Malama da ya kumbura, ta nuna ƙofar ɗakinsu da haɓa, alamar tambaya. Malama ta ɗaga yatsu biyu, ta nuna baki. Sannan ta ɗaga tara, ta dafa bayanta.

Tsohuwar ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da hawaye. Ta nuna ɗakin da aka kai nata mijin, ta ɗaga yatsu tara, ta nuna baki, ta lanƙwashe biyar ta bar huɗu, ta kaɗa hannu irin na rabu da shi. Sai fuskarta ta sauya. Ta ɗora yatsa a leɓe, ta yi tsit, ta runtse ido. Ta buɗe, ta danna wata ƙararrawa da babu ita a iska, da ƙarfi, sau uku. Ta lalubo 'yan kalmomin Turancin da take da su.

"Yau, shiru. Ni, na kira. Shi, fushi." Ta ɗaga kafaɗa. "Fushi, ba komai."

Ta zare fure ɗaya daga cikin ƙunshin ta ɗora wa Malama a cinya, ta koma kallon ƙofar da take jira.

Da Malama ta koma ɗaki ta same shi da waya a kunne, ya ƙara murya yadda yake yi in da mahaifiyarsa yake magana.

"Da sauƙi sosai, Inna. Sun ma ce ba sai an yi aikin ba. Wallahi. Gobe za su sallame mu."

Daga cikin wayar ta jiyo gidan ya kaure da murna, tsohuwa tana ta hamdala tana kuka, 'yan biyu suna rige-rigen karɓar waya, ɗaya tana ihu, "Abba, za ka ɗaga ni sama in ka dawo?" Ya ce zai ɗaga su duka biyun, hannu ɗaya ɗaya. Ya kashe wayar ya kife ta a ƙirji. Gadon taga babu kowa, an cire zanen, katifar roba tana sheƙi.

"Ka kira nas," ta ce. "Ga maɓallin nan kusa da hannunka. Kalma ɗaya za ka faɗa, ni ba su karɓar tawa."

"In ce mata me? Kwana goma ina yi muku ƙarya? Ni da gemuna?"

"Gemun zai ɗauke ka zuwa masallaci in ƙafar ta tafi? Injiniya, yau gwiwa ce. Wa ya san inda za ta kai nan da wata?"

"Allah ya sani."

"Allah ya sani, kai ma ka sani, ni ce kawai kuka bari a duhu!"

Ta zauna a bakin gadon ta juya masa baya, furen yana hannunta tana murza karansa ba ta sani ba. Da ya sake magana, muryar ba tasa ba ce, ta wani yaro ce da ba ta taɓa haɗuwa da shi ba.

"Kin karanta min takardar tiyatar da suka ce in sa wa hannu. Ke kika karanta, da bakinki. Cikin ɗari akwai waɗanda ba sa farkawa." Ya kafa wa silin ido. "Na tambayi mai goge-gogen nan da hannu, na ce in mutum ya mutu a nan ina ake kai shi. Ya nuna min ƙasa. Firij, Malama. Aljihun tebur mai lamba. Wa zai yi min wanka? Wa zai tsaya a kaina, mutanen da ba sa amsa sallama? Ke kaɗai za ki tsaya a baranda da mayafinki, ƙarfe bakwai ta yi su kaɗa miki ƙararrawa. Tun ranar da kika karanta takardar nan ban ƙara barci ba. Gara in koma da ƙafa ɗaya, in ja ta har inda Allah ya nufa, in mutu inda aka san sunan ubana."

Ta juyo. Hawaye ne suke gangara ta gefen idonsa zuwa cikin kunne, bai share ba, bai kuma ɓoye ba. Shekara tara ba ta taɓa gani ba. Ba za ta iya rantse masa zai farka ba. Ba za ta iya cewa za a mayar masa da gurbinsa ba, wataƙila wanda aka ba ya riga ya yi wa nasa 'ya'yan albishir. Ba ta da kowa a garin nan da za ta kira ya zo ya yi masa magana, babu wa, babu kawu, babu aminin da zai zauna a bakin gado ya ce haba kai kuwa. Duk karatun da ta yi, duk littattafan da ta cinye a rayuwarta, babu layi ɗaya da ya zo mata. Ta sa bakin mayafinta ta share masa kunne, ɗaya sannan ɗaya, kamar yadda take yi wa yara bayan wanka.

Suka daɗe a haka. Hasken taga ya koma ruwan toka. A baranda aka fara jin takun masu dubiya suna haramar tafiya, sannan ƙararrawar nan mai sanyin murya ta kaɗa.

Malama ta miƙe. Ta rufe masa ƙafar da bargo, ta soke gefen a ƙarƙashin katifa, ta ɗauki jakarta.

"Hannunka naka ne," ta ce. "Ba zan iya kama shi in sa a takardarsu ba, ko zan iya ma ba zan yi ba. In ka ce gida, gida za mu, in goya ka in ta kama. Amma ba za ka zaɓa a kan maganar da na ɓata ba."

"Malama, me za ki yi?"

"Gobe ƙarfe takwas a bakin ƙofar nan likita za ta same ni. Zan ce mata kwana goma ina yi mata fassarar banza, ni ce ban iya ba, ba kai ka yi ƙarya ba, su rubuta haka a fayil da sunana. Zan ce mata ƙafarka ta hagu ta mutu tun kwana shida, bayanka kuma bai taɓa sauka daga tara ba. Daga nan in fita in bar ka da ita da tafintansu. Ka yi fushi da ni har mu tsufa in ka ga dama, amma wallahi sai na faɗa."